Haɗarin Jirgin Ƙasa: Kada Wa'adin Neman Diyya Ya Wuce Ki Kina Jinya

 Yau za mu taɓo wata magana wadda galibi akan bar wa maza, alhali kuwa idan abin ya auku mace ce ke kwana a gefen gadon asibiti, ita ce kuma ake bari da marayu. Maganar ita ce haƙƙin wanda haɗarin jirgin ƙasa ya rutsa da shi, da hanyoyin da doka ta tanada domin a biya shi diyya. Allah Ya kiyashe mu da iyalanmu, amin. Amma rashin sani ya fi dare duhu, kuma a wannan sha'ani rashin sanin abu guda, watau wa'adin da doka ta yanka, ya isa ya sa iyali su yi asarar haƙƙinsu ɗungurungum.

Jirgi a ƙofar gidanmu

Kaduna garin reluwe ne tun asalinsa. Dogon da Turawa suka shimfiɗo daga Baro ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, kuma har gobe tsohon dogon nan yana nan ya keta tsakiyar gari, har ga kasuwa guda da ake kira Bakin Dogo. Ran 26 ga watan Yuli na 2016 aka buɗe sabon dogo mai tsawon kilomita 186, daga Idu ta Abuja zuwa Rigasa. Ga mutanen Kinkinau da Tudun Wada da Unguwar Mu'azu, tashar Rigasa tafiyar Keke Napep ce kawai. Magidanta da yawa a unguwannin nan a Abuja suke aiki, jirgin ne ke dawo da su gida ranar Juma'a, ya koma da su ranar Lahadi ko Litinin. Mata 'yan kasuwa, da ɗalibai, da masu zuwa biki ko ganin likita, duk shi suke shiga. A 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin sabon dogon Kaduna zuwa Kano, saboda haka hulɗarmu da jirgi ƙaruwa za ta yi.

Jirgin ƙasa ya fi mota aminci, wannan haka yake. Amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Manyanmu ba su manta da haɗarin Langalanga na watan Fabrairun 1970 ba, inda mutane masu ɗimbin yawa suka halaka ana shirin babbar Salla. Ran 28 ga Maris 2022 'yan ta'adda suka dasa bam a kan dogo a yankin Katari, suka buɗe wa jirgin da ke zuwa Kaduna wuta. Aƙalla mutum 8 suka rasu, aka kai masu rauni asibitin sojoji na 44 da na Saint Gerard, aka kuma sace fiye da mutum 60, waɗanda 23 na ƙarshensu ba su kuɓuta ba sai ran 5 ga Oktoba. A Ikko, watau Legas, ran 9 ga Maris 2023 jirgi ya yi awon gaba da wata bas ta ma'aikatan gwamnati a Ikeja, mutum 6 suka rasu, gommai suka jikkata. Ran 26 ga Agusta 2025 kuma jirgin da ya taso daga Abuja da mutum 618 ya goce daga kan dogo a Asham, taragu suka kife, mutane suka ji rauni, sai dai Allah Ya taƙaita ba a rasa rai ba.

Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, manya sukan zo asibiti dubiya, a ɗauki hoto, a yi alkawari. To, bayan an watse fa? Wanda ƙafarsa ta karye har ya bar aiki, da matar da aka bari da 'ya'ya biyar da kuɗin haya, ina za su dosa?

Diyya haƙƙi ce

Da yawa daga cikinmu da an yi maganar diyya sai mu ce haka Allah Ya ƙaddara, mun bar wa Allah. Wasu har kunya suke ji kada a ce sun ci kuɗin jini. Yarda da ƙaddara wajibi ne, babu mai ja. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne kuma ya shar'anta diyya. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta yi hukuncin a miƙa diyya ga iyalan wanda aka kashe bisa kuskure, sai fa in su ne suka yafe. Littattafan Malikiyya da muke karantawa a makarantun Islamiyya sun ƙayyade ta: raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya rabin diyya ne, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Diyyar rai kuwa ana raba ta ne kamar gado, watau matar mamaci tana da tumuninta idan akwai 'ya'ya, in babu kuwa rubu'i.

Wanda ya ga zai yafe nasa kason, ladansa yana wurin Allah. Amma kason maraya ba na kowa ba ne balle a yafe masa shi don kara ko don jin nauyi. Wannan abu ne da ya kamata uwa ta tsaya a kansa cikin ladabi idan dangi suka taru suna cewa a bar maganar.

Sai dai a lura, kotun Shari'ar Musulunci ba ta da hurumin sauraron ƙarar da aka kai Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Babbar Kotu ake zuwa, kuma ita da nata ma'aunin take awo.

Abin da kotu ke dubawa

A Babbar Kotu abin da ake nema shi ne sakaci. Duk wanda ya karɓi kuɗin mutum ya ɗauke shi a abin hawa, doka ta ɗora masa nauyin ya kula da lafiyarsa daidai gwargwado, ya gyara hanyarsa da na'urorinsa, ya sa ƙwararru su tuƙa. Mai ƙara zai nuna wa alƙali cewa an yi sakaci da wannan nauyi, kuma sakacin ne ya jawo masa rauni. Laifin direba ko na mai juya dogo a bakin aikinsa, hukumar da ta ɗauke shi aiki ce ke ɗaukarsa.

Fasinja ba injiniya ba ce, ina za ta san abin da ya lalace a ƙarƙashin jirgi? Doka ta san da haka. Akwai wata ƙa'ida da lauyoyi kan dogara da ita, mai cewa idan abu yana hannun mutum shi kaɗai, kuma irin haɗarin ba ya aukuwa haka kawai in ana kula, to shi ne zai yi wa kotu bayanin yadda aka yi. Jirgi ba ya sauka daga kan dogo don ganin dama. A haɗarin Asham, alal misali, rahoton farko na hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, ya nuna matsaloli a dogon da wurin juya shi, ita kuwa Hukumar Jiragen Ƙasa ta danganta abin da gudu fiye da kima da kuskuren taka birki. Ko wanne aka ɗauka, fasinja dai ba ta da hannu a ciki. Amma a sani, ita NSIB, wadda aka kafa da dokar 2022, aikinta gano dalili ne don a kauce wa na gaba. Ba ta yanke wa kowa diyya, saboda haka kada a zauna jiran rahotonta na ƙarshe.

Idan hari aka kawo wa jirgi, shari'ar ta fi wuya, domin masu laifin wasu ne daban. A nan sai lauya ya nuna cewa an san da barazanar tun da wuri, amma ba a ɗauki matakin da ya dace ba.

Wa'adi: wata goma sha biyu, notis wata uku

To, ga inda gizo ke saƙar. Dokar da ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta 1955 ce, kuma sashe na 83 nata ya gindaya sharuɗɗa biyu. Na farko, ƙarar da za a kai hukumar ko ma'aikacinta kan sakaci a bakin aiki, dole a shigar da ita cikin wata 12 daga ranar da abin ya faru. Na biyu, ba a shigar da ƙarar sai an fara ba hukumar notis a rubuce, an kuma jira wata 3 cur. Notis ɗin zai faɗi sunan mai ƙara da inda yake zaune, da dalilin ƙarar, da bayanin abin da ya same shi, da abin da yake nema a biya shi.

Mu yi lissafi irin na 'yan aji huɗu. Sha biyu a ɗebe uku, saura tara. Ke nan in haɗari ya faru ran 1 ga Janairu, notis ya zama yana hannun hukuma kafin watan Satumba ya ƙare, in ba haka ba wata ukun jira zai cinye sauran wa'adin. Wanda ya makara, ko da ƙafafunsa biyu aka yanke, lauyan hukuma zai tashi ya ce lokaci ya wuce, kuma alƙali ba shi da yadda zai yi sai ya kori ƙarar ba tare da ya saurari ko da shaida ɗaya ba.

Akwai kuma wata tsohuwar doka tun ta zamanin Turawa, ta kare jami'an gwamnati, wadda wa'adinta wata 3 ne kacal. Tuni Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga nan Jihar Kaduna, ta yanke cewa kariyar ta haɗa har da hukumomi, ba mutum ɗaya ɗaya kaɗai ba. Idan ƙarar za ta shafi wata ma'aikata ko wani jami'i baya ga reluwe, da wannan doka za a tare mai ƙara. Saboda haka shawarar da ta fi kowace ita ce a ga lauya cikin makonnin farko, tun majinyaci yana kwance.

Abu biyu kan yaudari mutane. Na ɗaya alkawari. Jami'i zai ce ku yi haƙuri ana duba takardunku, ku dawo wata mai zuwa. Kotunan Nijeriya sun daɗe da yanke cewa zaman sasantawa ba ya tsayar da ƙirgen wa'adi. A ci gaba da sasantawar, amma notis ya riga ya tafi. Na biyu ciwo. Wasu sukan zaci tun da har yanzu ana jinya, wa'adi bai fara ba. Kotuna kuwa daga ranar haɗarin suke ƙirgawa, ko da raɗaɗin zai bi mutum har ƙarshen rayuwarsa. Haka nan idan yaro ne ya ji rauni, kada a ce sai ya girma ya nemi haƙƙinsa. Uwa ko uba ko waliyyi na iya shigar da ƙara a madadinsa yanzu.

Mai takaba fa?

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Matar da mijinta ya rasu za ta zauna takaba wata huɗu da kwana goma. Kafin ta fita, wa'adin wata uku na waccan tsohuwar doka ya riga ya wuce, kuma fiye da sulusin wata goma sha biyun ya tafi. Bayan fita takaba ga rabon gado, ga maganar inda za ta zauna da yara, wata ma komawa gidan iyayenta za ta yi a wani gari. Kafin hankali ya dawo jiki shekara ta zagayo.

Maganin wannan mai sauƙi ne. Dokar ta ce mai ƙara ko wakilinsa ne zai miƙa notis. Ke nan uwargida tana ɗakinta za ta iya wakilta wanta, ko ƙanen mijinta, ko babban ɗanta, ya je wurin lauya. Bayan sadakar uku ko ta bakwai, lokacin da dangi ke tare, a ware mutum ɗaya mai amana a ce wannan aiki nasa ne, a kuma riƙa tambayarsa inda aka kwana.

Dokar neman diyyar wanda ya mutu a haɗari, wadda aka kafa a tsohuwar Jihar Arewa a 1956 jihohi kuma suka gada, ta ba iyalan mamaci damar yin ƙara saboda asarar mai ciyar da su. Idan mamacin Musulmi ne, dokar ta ce masu haƙƙi su ne waɗanda ke da rabo a diyya bisa shari'ar Musulunci. In da mata biyu ko uku, kowace da 'ya'yanta suna ciki, kuma ƙara guda ake shigarwa domin kowa da kowa. A nan ya kamata a ajiye kishi gefe a haɗa kai.

Takarda ita ce shaida

Kotu ba ta aiki da "wallahi mun kashe kuɗi da yawa". Tun daga daren farko a samu jaka guda a riƙa tara takardu.

Farko tikiti. Tun 2021 ta intanet ake sayen tikitin jirgin Abuja, kuma da aka dawo da zirga-zirga ran 5 ga Disamba 2022 aka wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa. Tikitin da ke ɗauke da sunanki shi ne hujjar cewa kina cikin jirgin. Wannan ya isa dalilin da zai hana mu sayen tikiti ta bayan fage da sunan wani. A buga shi a takarda, kada a bar shi a waya kaɗai, don waya kan fashe ko ta ɓata a wurin haɗari.

Sai takardun asibiti: kati, hoton ƙashi, takardar magani, rasit na kowane abu har na audugar wanke ciwo, da rahoton likita mai bayyana irin raunin da kuma ko zai bar naƙasa. Kada a ƙi zuwa asibiti don babu kuɗi a hannu. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, wanda ya ƙi kuwa tarar Naira 100,000 ce, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Wata doka ta 2017 kuma ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ko da babu takardar 'yan sanda. Wanda aka sallama daga wurin haɗari yana ganin lafiyarsa lau, ya daure ya je asibitin Yusuf Ɗantsoho na Tudun Wada ko na Barau Dikko a duba shi a rubuta, domin buguwar kai da ta baya sukan ɓoye sai bayan kwanaki.

Mun saba da an samu karaya sai a sa hannu a fitar da majinyaci a kai shi wurin maɗori. A yi tunani kafin a yi haka. Maɗori ba ya ba da rasit ko rahoto, kuma in ƙashin ya haɗe a karkace, lauyan hukuma zai ce ba haɗarin ne ya naƙasa shi ba, ɗorin ne. Firgita da rashin barci da kan biyo bayan haɗari su ma ciwo ne da likita zai iya rubutawa, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa.

In an yi rasuwa, duk da gaggawar da muke yi wajen suturta mamaci, a karɓi takardar shaidar mutuwa daga likita, a kuma yi rajista a ofishin Hukumar Ƙidaya. A nemi rahoton 'yan sanda, a ɗauki hoton raunin, a rubuta sunaye da lambobin waɗanda suka ga abin da idonsu.

Ku 'yan makaranta, nan ne iliminku zai yi rana. Ki sami littafin rubutu guda, ki riƙa sa kwanan wata da abin da aka kashe kullum: kuɗin mota zuwa asibiti, na magani, na jini, na mai jinya. Ki rubuta ranar da Baba ya daina zuwa aiki da ranar da ya koma. Ki yi kwafen kowace takarda, ki ajiye na ainihin a wurin da ruwa ko ɓera ba zai taɓa ba. Duk takardar da aka kai ofis, a dawo da kwafe mai hatimi da kwanan wata.

Me ake biya?

Diyyar kotu kashi biyu ce. Akwai ta asarar da za a iya ƙirgawa, kamar kuɗin asibiti, da albashin da aka rasa, da kayan da suka lalace. Wannan sai an jera ta dalla-dalla an kawo hujjar kowane kwabo. Akwai kuma wadda alƙali ke ƙiyastawa da kansa, saboda azabar da aka sha, da naƙasa, da abin da mutum ba zai ƙara iya yi ba, da jinyar da ke gaba.

Kada matar aure ta ce ai ni ba ma'aikaciya ba ce, ba ni da asarar da zan nuna. Ɗinki, kitso, saƙa, tuyar ƙosai, sayar da atamfa a cikin gida, duk sana'a ce mai kawo kuɗi. Littafin bashi, da na adashi, da saƙon banki da ke shigowa waya, suna iya nuna abin da kike samu a wata kafin hannun ya karye.

Idan maigida ma'aikaci ne

Ma'aikaci yana da wata ƙofa daban wadda ba ta buƙatar a nuna sakacin kowa. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun da hukumar NSITF ke riƙewa. Dokar ta haɗa har da haɗarin da ya sami ma'aikaci a hanyarsa tsakanin wurin aiki da gidansa, na farko ko na biyu, muddin wurin aikin ya san da gidan tun da farko. Saboda haka maigidan da ke aiki a Abuja iyalinsa na Kinkinau ya tabbata adireshin Kaduna yana cikin fayil ɗinsa. Ana sanar da wurin aiki cikin kwana 14, a kuma shigar da takardar nema cikin shekara guda. In ma'aikacin ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye waɗanda da shi suka dogara, dokar ta yanka musu kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, in ɗa guda ne kashi 85. Sai dai dokar ta ce a zaɓi ɗaya, ko wannan diyya ko ƙarar wanda ya jawo haɗarin, don haka a ji ta bakin lauya kafin a cike takarda.

Ban da wannan, Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa wurin aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza albashin shekara uku ba. A tambaya. Haka kuma a rubuta wa hukumar jirgi a nemi sanin ko akwai inshora a kan tikitin, da sunan kamfanin da ke riƙe da ita.

Wanda jirgi ya buge a kan dogo

Ba fasinja kaɗai jirgi ke raunatawa ba. Akwai wanda ke cikin mota ko Keke Napep a mararrabar titi da dogo, akwai mai talla, akwai ɗan makarantar da ya yanke hanya. In mararrabar ba ta da shinge ko mai tsaro, ko jirgin bai busa ba, ana iya samun hukuma da sakaci. In direban mota ne ya yi ganganci, kamar yadda aka tuhumi direban bas ɗin nan na Ikeja a kotu, shi da mai motar da kamfanin inshorarsu za a nema. Amma wanda ya baza kaya a kan dogo, ko ya hau rufin tarago, ko ya toshe kunne da waya yana tafiya a tsakiyar hanyar jirgi, kotu za ta ce da nasa laifin, ta rage masa diyya gwargwadon haka, wani lokaci ma ya tashi a tutar babu. Iyaye mata, a ja wa 'yan talla kunne. Tsohon dogo ya kan yi shiru har a manta da shi, amma jirgi ba ya tsayawa nan take kamar mota.

In babu kuɗin lauya

Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Kaduna, kuma dokarta ta 2011 ta ambaci ƙararrakin neman diyyar haɗari cikin ayyukan da take yi kyauta ga wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka mayar Naira 70,000 a 2024. Ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA, tana da reshe a Kaduna, tana kuma sauraron mata da yara. Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana bin kadin wanda wata ma'aikata ta yi wa riƙon sakainar kashi, ba ta karɓar ko kwabo, sai dai ba ta shiga maganar da ke gaban kotu, kuma kai mata kuka ba ya tsayar da wa'adin ƙara.

Wasu lauyoyi sukan yarda su yi aiki sai an ci shari'a su ɗauki kaso. Doka ta yarda da haka, amma a rubuta kason a takarda tun farko, da wanda zai biya kuɗin shigar da ƙara. A kuma tambayi lauya a wace kotu zai shigar, ta jiha ko ta tarayya, domin kai ƙara kotun da ba ta da hurumi kan cinye shekaru, a dawo a tarar wa'adi ya wuce.

Kafin ki sa hannu

Shari'a da hukuma tana da tsawo, ga ɗaukaka ƙara, ga kuma wahalar karɓo kuɗin bayan an yi nasara. Don haka sulhu alheri ne, in an yi shi ido a buɗe. A bambanta abubuwa uku: mayar da kuɗin tikiti, da gudummawar jaje da gwamna ko minista kan bayar, da kuma diyya. Karɓar na farko da na biyu ba ya zubar da na uku, sai fa in takardar da aka sa wa hannu ta ce an yafe duk wani neman haƙƙi. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki an fassara ba. Ki ce a ba ki kwafe ki nuna wa lauya. Kada kuma a rufe magana tun likita bai faɗi inda raunin zai tsaya ba. Kason yara kuwa a sa shi a asusun banki da sunansu.

A wasu ƙasashe an sauƙaƙa wa talaka wannan wahala. Indiya ta kafa kotu ta musamman don ƙararrakin reluwe da dokar 1987, kuma a can fasinja mai tikiti ba ya buƙatar nuna sakacin kowa, ko da harin 'yan ta'adda ne. Tun 2017 Rupi 800,000 ake biyan iyalan wanda ya rasu. A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa, dole kamfanin jirgi ya ba da wani abu na rage zafi cikin kwana 15 da gano mai haƙƙi, wanda in rasuwa ce ba zai gaza Yuro 21,000 ba. A nan gida, a 2023 aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa, kuma Majalisar Tarayya ta sha tattauna sabunta dokar 1955. Ƙungiyoyin mata da na makarantun Islamiyya suna iya rubuta wa wakilanmu su nemi a sa diyyar fasinja ƙayyadadda a doka, a kuma tsawaita wa'adin.

Kafin a kai ga haka, 'yar'uwa, ki yanke wannan shafi ki adana, ki karanta wa maƙwabciyarki wadda ba ta yi boko ba. In an ji labarin haɗari ya shafi wani gida a unguwa, idan kin je dubiya ko gaisuwa da ɗan kwanon abincinki, ki ja uwargidan gefe ki tambaye ta ko an adana tikiti da rasit, ko kuma an wakilta wanda zai ga lauya. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sai mun sake saduwa a wannan fili. Wassalam.